Kiwon Karnuka a Sakkwato: Daga Barbara Zuwa Jinyar Ɗan Kwikwiyon da Ya Ƙi Kama Nono

Wanda ya saba da zafin Sakkwato ba ya saurin yarda idan aka ce masa sanyi ne ya kashe masa 'yan kwikwiyo. Sai dai jikin ɗan kwikwiyon da aka haifa jiya ba ya iya riƙe ɗumin kansa, ko rawar ɗari ba ya iya yi sai ya kusa cika mako guda, kuma zafin jikinsa a wannan lokacin bai wuce digiri 35 zuwa 37 ba, alhali na babban kare yana tsakanin 38 da 39. Idan ya gangaro daga jikin uwarsa ya kwana a kan daɓen siminti a daren hunturu, kafin asuba cikinsa ya daina narkar da abinci. Mai shi kuma, cikin tausayi, sai ya ɗauko madara ya ɗura masa, madarar ta tsaya a ciki ko ta bi hanyar numfashi, nan da nan ya cika. Yawancin asarar da masu kiwo ke yi a makonni biyu na farko daga sanyi da yunwa da ƙarancin ruwa a jiki take fitowa, kuma abin da ke raba wanda ya ceto dabbarsa da wanda ya rasa ta shi ne sanin abin da ake farawa da shi da abin da ake jinkirtawa.

Masu ajiye kare a wannan yanki sanannu ne, wato mafarauta, da makiyaya da ke tsaron garke, da masu gonaki da lambuna a bakin fadama, sai kuma masu gidaje a cikin gari da ke son mai gadi. Farauta da tsaron dabbobi da gona suna cikin dalilan da shari'a ta yarda a ajiye kare dominsu, batun cinikinsa kuwa malamai sun yi saɓani a kai, wanda ke da shakka sai ya tuntuɓi malaminsa. Abin da babu jayayya a kansa shi ne cewa dabbar da mutum ya killace a gidansa, cinta da shanta da jinyarta suna wuyansa.

Kafin a kai ga barbara

Karya takan fara neman namiji tun tana wata shida zuwa shekara guda, amma kuskure ne a bari ta ɗauki ciki a wannan karon na farko, domin ita kanta ba ta gama girma ba, kuma irin waɗannan ƙananan uwaye su ne suka fi guje wa 'ya'yansu ko su danne su. A jira ta kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Yawancin karnuka suna shiga wannan yanayi sau biyu a shekara. Alamarsa ita ce kumburin al'aura da ɗigar jini na kimanin kwana tara, sannan jinin ya tsinke ya yi fari-fari, ta fara tsayawa wa namiji tana kawar da wutsiya gefe. A nan ne ake haɗa su, yawanci tsakanin kwana na 10 da na 14 daga ranar da aka fara ganin jini, a maimaita bayan kwana biyu, kuma a rubuta ranar. Idan sun maƙale da juna kada a watsa masu ruwa ko a jefe su kamar yadda yara ke yi, za su rabu da kansu cikin minti 10 zuwa 30, raba su da ƙarfi kuwa yana ji wa dukansu ciwo.

Zaɓen namiji yana bukatar natsuwa. Mutane da yawa suna kwaɗayin haɗa ƙaramar karyar gida da ƙaton karen waje, irin Bowabul na Afirka ta Kudu ko Kokeshiyan, don su sami manyan 'ya'ya, ba tare da tunanin cewa ita ce za ta haife su ba. A ganina ma Kokeshiyan, wanda aka halitta da gashin zama cikin dusar ƙanƙara, wahala kawai yake sha a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, yayin da siririn karen Buzaye da Turawa ke kira Azawak da karen farautarmu na gida suka daɗe da sabawa da wannan ƙasa. A guji haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa. A kuma duba al'aurar namiji da ta mace da kyau, domin akwai wani ƙari mai zubar da jini da karnukan da ke yawo a gari suke ɗauka ta hanyar barbara, ana warkar da shi a asibiti, amma ba a haɗa mai ɗauke da shi. Kafin barbara ne ya kamata a kammala wa karyar allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki da na kaska, saboda kariyar da ke jininta ita ce za ta bi nono ta shiga jikin 'ya'yanta.

Cikin karya kwana 63 ne, yana iya raguwa ko ƙaruwa da 'yan kwanaki. Wannan lissafi yana da amfani a Sakkwato fiye da wurare da yawa. Barbarar watan Oktoba tana kawo haihuwa a Disamba, tsakiyar hunturu, ta watan Fabrairu kuma tana kawo ta a Afrilu, lokacin da ko inuwa ba ta da daɗi. Idan da zaɓi, na fi son haihuwar hunturu a kan ta bazara, don kuwa ɗumama kwali abu ne mai sauƙi, amma sanyaya ɗakin kwano da tsakar rana, ga wutar lantarki babu tabbas, aiki ne ja. Babu laifi a tsallake zagaye ɗaya a jira na gaba.

Ciki da haihuwa

A makonni biyar na farko ba a ƙara mata abinci, ƙiba tana wahalar da naƙuda. Daga mako na shida ake ƙarawa a hankali, a rarraba shi sau uku ko huɗu a yini tun da cikin ya matse tumbi. Ragowar tuwo da ƙanzo kaɗai ba za su riƙe mai ciki ba, tana bukatar dafaffen nama ko kayan ciki daga kwata, da kifi, da dafaffen ƙwai, ko kuma abincin karnuka na buhu wanda aka yi don ƙanana. A kula da ragowar miya da abincin biki, domin albasa, wadda Allah ya hore mana ita da yawa a wannan yanki, tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ce ko dafaffiya. Kada a ba ta ƙwayar kalsiyam tana da ciki sai da umarnin likita, yin haka yana iya jawo mata jijjiga bayan haihuwa.

Mako guda kafin ranar a tanadi wuri, a bar ta ta saba da shi. Babban kwali ko akwatin katako ya isa, a ɗaga shi daga siminti da katako ko buhuna, a shimfiɗa tsummokaran da za a iya wankewa, a kuma ajiye shi inda iska ba ta kaɗawa kai tsaye kuma yara ba sa zirga-zirga. Wanda ke da ma'aunin zafi ya riƙa auna ta ta dubura safe da yamma, idan zafinta ya sauka zuwa wajen digiri 37, to haihuwa na nan tafe cikin kwana guda. Za ta ƙi abinci, ta yi ta haki tana tonon shimfiɗa.

Mafi yawan karnuka suna haihuwa ba tare da taimakon kowa ba, kuma yawan shisshigi yana tayar masu da hankali. Uwa ce ke yage jakar da ɗan ya fito a ciki, ta lashe shi, ta datse cibiya. Idan ta yi minti ɗaya ba ta kula shi ba, sai mai ita ya yage jakar daga wajen fuska, ya share hanci da baki, ya goge jikin da busasshen tawul da ɗan ƙarfi har ya yi kuka, kansa na ɗan kallon ƙasa. Kada a riƙe shi ana wujijjigawa don ruwa ya fita, hakan yana taɓa ƙwaƙwalwa. A ɗaure cibiya da zare mai tsabta kimanin santimita 2 daga ciki, a yanke da sabuwar reza, a shafa aidin. A ƙirga mabiyiya, kowane ɗa da tasa. Abubuwan da ba a jira a kansu su ne nishi mai ƙarfi na minti 30 ba tare da ɗa ya fito ba, ko a haura awa uku zuwa huɗu tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura, ko koren ruwa ya zubo kafin a haifi na farko. A irin wannan hali sai asibiti, kuma a cikin gari akwai asibitin koyarwa na Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kuma asibitin dabbobi na gwamnatin jiha. Wanda ke ƙauye ya nemi lambar likita tun ciki bai tsufa ba. Allurar naƙuda da wasu ke saya su yi da kansu tana iya fasa mahaifa idan ɗa ya tokare hanya.

Dakashi da sikeli

Nonon farko, wato dakashi, shi ne rigakafin ɗan kwikwiyo, kuma hanjinsa yana karɓar wannan kariya ne a cikin sa'o'i 12 zuwa 24 na farko kawai, bayan haka ƙofar ta rufe. Saboda haka a tabbata kowane ɗaya ya kama nono a ranar haihuwa, mai rauni a riƙe shi a kan nonon baya, wanda ya fi kawo ruwa, a janye ƙartin na ɗan lokaci. A buɗa bakin kowanne a duba ganɗa, domin wanda aka haifa da tsagaggiyar ganɗa madara za ta riƙa fitowa ta hancinsa, kuma ba zai iya tsotso yadda ya kamata ba.

Ƙaramin sikelin da ke auna giram ya fi ido gaskiya. A auna kowane ɗa kullum a lokaci ɗaya a rubuta. Lafiyayye yana ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa a kowace rana, ya ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana 7 zuwa 10. Wanda nauyinsa ya tsaya cik kwana biyu yana cikin matsala ko da bai nuna ba tukuna. Lafiyayyun 'yan kwikwiyo barci da tsotso ne aikinsu, jikinsu da ɗumi, cikinsu a cike, suna ɗan zabura cikin barci. Mara lafiya kuwa za a gan shi ya ware gefe, yana wani siririn kuka ba ƙaƙƙautawa, ko kuma ya yi laƙwas, idan an sa masa yatsa a baki a ji sanyi kuma ba ya tsotsa. Sau da yawa uwar takan ture irin wannan, mutane su ce ta san ba zai rayu ba. Sanyin jikinsa ne ya sa ta ƙi shi, idan aka ɗumama shi takan karɓe shi.

Jinyar wanda ya kwanta

Ɗumi ake fara ba shi, kafin komai ya shiga cikinsa. Hanya mafi aminci ita ce a sa shi cikin riga ya jingina da fatar mutum, ko a cika kwalbar roba da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tawul, a kwantar da shi kusa da ita ana juya shi lokaci-lokaci. A ba wannan aiki awa ɗaya zuwa uku. Sauri ya haifi nawa, domin wanda aka tsoma a ruwan zafi ko aka kanga a bakin wuta yana iya mutuwa a hannu, kuma da yake ba ya iya matsawa daga abin da ke ƙona shi, kwalbar da ba a naɗe ba takan sale masa fatar ciki. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki haɗari ne ga dabbar da mai jinyarta baki ɗaya, hayaƙinsa da ba a gani shi ke kisa. Idan akwai wuta, a rataya ƙwan lantarki mai zafi a saman kusurwa ɗaya ta kwalin, a bar ɗaya kusurwar babu, don uwa da 'ya'ya su sami wurin gudu. Zafin da ake nema a cikin kwalin a makon farko shi ne digiri 29 zuwa 32, musamman idan uwar ba ta ciki, sannan a rage zuwa wajen 27 a mako na biyu da na uku.

Yayin da ake ɗumama shi ana iya taimaka masa da sukari, domin hantar jariri ba ta da ajiya, 'yan sa'o'i babu nono sai sukarin jininsa ya faɗi. A dama gulukos ko sukari a ɗan tafasasshen ruwan da ya huce, a shafa ɗigo biyu ko uku a dasashinsa da yatsa, a maimaita bayan kowane minti 15 zuwa 30. Shafawa ake yi, ba a ɗurawa. Sai zafin jikinsa ya kai digiri 35 ko fiye, ya fara motsi kuma ya tsotsi yatsa, sannan ake maganar madara, kuma mafi alheri a mayar da shi kan nonon uwarsa a riƙe shi har ya ƙoshi.

Idan uwar ta mutu, ko nononta ya ƙafe, ko ya kumbura ya yi tauri da zafi yana fitar da ruwa mai launi, wanda ciwo ne da ke bukatar likita, to dole a shayar da hannu. Samun wata karyar da ta haihu a kwanakin ya fi komai, a goga wa marayan tsumman shimfiɗarta kafin a sa shi cikin 'ya'yanta, a tsaya a ga ta karɓe shi. In babu, sai madarar gwangwani da aka yi musamman don 'yan kwikwiyo, wadda ake samu a shagunan magungunan dabbobi. Madarar saniya ko ta akuya ita kaɗai ba ta isa ba, saboda nonon karya ya ninka na saniya wajen sinadarin gina jiki da maiƙo, na saniya kuma ya fi yawan sukarin madara, wanda ke sa su gudawa. Kafin a samo ta gwangwanin, ana iya tafasa madarar saniya ko ta akuya kofi ɗaya, kimanin mililita 250, a bari ta huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai biyu ko uku ba tare da farin ba, a ƙara cokali ɗaya na man girki. Wannan na kwana ɗaya ko biyu ne. Nono mai tsami da koko da kunu ba abincin jariri ba ne, komai kyan niyyar mai bayarwa.

A makon farko ana ba shi kimanin mililita 13 zuwa 15 a kan kowane giram 100 na nauyinsa a yini da dare, a raba kowace awa biyu zuwa uku, har da tsakar dare. Ɗan kwikwiyo mai giram 400 ke nan zai sha tsakanin mililita 52 da 60 a kwana guda, wato kusan 7 a kowane zama idan duk awa uku ake ba shi, ko 4 zuwa 5 idan duk awa biyu ne. Madarar ta kasance da ɗumin jiki, a gwada ta a bayan hannu. A kwantar da shi rub da ciki kamar yadda yake kama nonon uwarsa, kada a rungume shi rigingine kamar jaririn mutum. Da ƙaramin bulumboti ake ba shi, ko sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, ana jira ya haɗiye. Da zarar madara ta ɓullo ta hanci a tsaya, domin wadda ta shiga huhu ita ce ke zama ciwon huhu bayan kwana ɗaya ko biyu. Bayan kowane shayarwa a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa masa ƙasan ciki da dubura, saboda har zuwa mako uku ba ya fitsari ko kashi sai an motsa shi, aikin da uwa ke yi da harshenta. Audugar nan ma tana ba da labari, fitsarin lafiyayyen jariri kusan fari ne kamar ruwa, idan ya yi rawaya sosai kuma dasashi ya bushe yana danƙo, to ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Akwai inda jinyar gida ta ƙare. Wanda aka ɗumama aka ba shi sukari amma bai farfaɗo ba cikin 'yan sa'o'i, ko cibiyarsa ta kumbura tana wari, ko cikinsa ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, ko numfashinsa na ƙara, ko kuma 'yan'uwansa suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan yana bukatar ƙarin ruwa da magani daga hannun likita. A kai shi a naɗe cikin ɗumi, a tafi da uwar, in da wanda ya mutu a tafi da gawarsa ma a duba. Kada a jarraba masa farasitamol ko ragowar kafso na mutane.

A bazara lissafin yana juyawa. Da rana ɗakin kwano yana wuce abin da jariri zai iya ɗauka, za a ga sun warwatsu nesa da juna, baki a buɗe, suna kuka, saɓanin lokacin sanyi da suke cunkushewa wuri guda. A mayar da kwalin ɗakin ƙasa ko inuwa mai iska, a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, amma kada a jiƙa su kansu ko a saita masu fanka. Uwar na bukatar ruwa a gabanta dare da rana, mai shayarwa da ta rasa ruwa yini guda nononta zai ja baya, abincinta kuma a mako na uku da na huɗu yakan kai ninki biyu zuwa uku na wanda ta saba. Da damina kuma a raba su da kwanciya a kan jiƙaƙƙen rairayin da aka yi fitsari a kai, domin akwai ƙudan da ke yin ƙwai a nan, tsutsarsa ta huda fata ta zauna kamar maruru mai ƙaramin rami a tsakiya. Ana toshe ramin da man basilin, sannan a matso ta a hankali a wanke wurin. Cinnaku ma suna yi wa jarirai illa, a riƙa duba ƙarƙashin shimfiɗa.

Tsutsa, kaska da allura

Kusan kowane ɗan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsa ko ya sha ta a nono, wata irin ma jini take tsotsa har dasashinsa ya yi fari. Ana ba su maganin tsutsa na ruwa a mako na 2, da na 4, da na 6, da na 8, bisa nauyin kowanne, tare da uwar. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa su, don wannan tsutsa tana kama mutum. Kaska da ƙuma kuma da hannu ake cire su daga jikin jarirai, a wanke shimfiɗa a shanya a rana, a yi wa uwar magani da shawarar likita. Fiya-fiya da baƙin man mota da maganin feshin gona da wasu ke shafawa suna ratsa fatar jariri su kashe shi, ko ya lashe su a jikin uwarsa.

Idanunsu suna buɗewa tsakanin kwana 10 da 14, kada a ɓare su da hannu. Daga mako na uku zuwa na huɗu ake fara sa masu abinci mai ruwa-ruwa a faranti, a yaye su a mako na shida zuwa na takwas. Allurar farko, wadda ta haɗa da rigakafin cutar fabo mai sa amai da gudawar jini, ana yin ta a mako na 6 zuwa na 8, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har su kai mako 16. Ƙwayar fabo tana yin watanni a cikin ƙasa, saboda haka gidan da ta taɓa shiga a wanke daɓensa da ruwan Hypo ko Jik, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, kuma kada a fitar da ƙananan waje ko a bar baƙin karnuka su shigo kafin allurarsu ta cika. Rigakafin ciwon haukan kare ana yin sa a wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu samar da shi. A karɓi allura daga wurin da ake ajiye ta cikin sanyi, domin wadda ta yini a kan kanta a zafin Sakkwato ta riga ta lalace. Kada a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas, kuma wanda zai karɓe shi a haɗa masa da katin allurar, a nuna masa ranar da za a yi ta gaba.